Makirfo Mai Jar Riga

Rafin Ƙanya, Doguwa
Asabar, farkon hutun damina

Zuwa ga Baffa Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a kan ruwan Fatakwal, kai da abokan aikinka na jirgi. Mu nan kalau muke. Kakana Malam yana nan da ƙarfinsa, in ban da gwiwoyin da suka hana shi ko leƙa gona. Ƙanwarka Gwaggo Tani tana gaishe ka, ta ce yajin da ta ba Surajo direba naka ne kai kaɗai, kada ka raba wa kowa. Masara ta fara goyo, ruwa kuma kusan kullum sai ya sauka.

Na dawo daga makaranta lafiya, jarrabawa ta yi kyau.

Baffa, maganar oba-obar da ka kafa mana bara, akwatin rediyon nan na magana, ita ce ta sa na rubuto. Jiya Juma'a bayan la'asar, lokacin da muka yi alkawari, na kunna ta. Mun ji ka tas kana kiran lambata. Na danna makirfo, na faɗi lambarka da tawa kamar yadda ka koya mini, amma ka ci gaba da kira kamar ba kowa. Sai can ka ce kana jin wani abu kamar sauro a cikin tulu. Na duba mita. Allurar da bara take wuce rabi in ina magana, yanzu da ƙyar take ɗagowa daga inda take kwance.

Ni dai ban taɓa komai ba. Duk zangon nan ba wanda ya yi magana da ita, tunda ni kaɗai ke da takardar izini a gidan. Gwaggo tana kunna wa Malam ne kawai ya saurara. Ta ce ba Juma'ar da ba ya sa a shimfiɗa masa buzu a bakin ɗakin, ya zauna yana jan carbi kamar iska ya fito sha. Ka san ba zai taɓa cewa kai yake jira ba. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ya kamawa, sai dai ya ce "mutumin bakin ruwa". Amma jiya da ka yi ta kira ba ka jin mu, na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Dutsen da ake hawa a samu sabis ɗin waya ya fi ƙarfin gwiwarsa, kai ma kuma wayarka ba ta shiga in kuna cikin ruwa. Akwatin nan shi ke nan abin da ya rage masa.

Ga wani labari da zai ba ka dariya. Makirfo ya yi sabuwar riga. Ina makaranta akuya ta shiga ɗakin ta ja wayarsa, ya faɗo ya ɗan tsage a gefe. Malam ya kira Jibrin baduku ya ɗinke shi da jar fata, har da laya a gaba daga ƙasa, wadda Malam ya rubuta da hannunsa. Jibrin ya yanka taga daidai ragar da ake magana a cikinta, bai rufe ko layi ɗaya ba. Ya yi kyau ƙwarai.

Don Allah ka gaya mini abin da zan duba. Surajo zai dawo da amsa in ya sauke masara.

'Yarka,
Muhsina

*

Fatakwal

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki da yajin. Ki gai da Malam da Tani. Lafiyata lau, aiki ne dai ba ya ƙarewa.

Labarin akuya da baduku ba shi na tambaya ba. Irin makirfon nan muna jefar da shi a kan ƙarfen jirgi ya tashi ya ci gaba da aiki. Da ya mutu, ko saurona ba zan ji ba.

Ki saurara da kyau, na faɗa miki wannan bara. Oba-obar nan ba kamar gidan rediyo ba ce da ke tura wuta ko ana magana ko ba a yi. Muryarki ce take jan wutar. In kin yi shiru, ba abin da ke fita. In kin yi raɗa, raɗa ce za ta taso daga Doguwa ta mutu a hanya.

Ga abin da za ki yi. Ki cire wayar eriya ki ɗaura gwangwanin gwaji, wannan mai mai a ciki da na ajiye ƙarƙashin tebur. Shi zai shanye wutar, ba mai jin ki a iska. Ki fara da batir: ki sa masa ma'auni, ki danna, ki ga ko yana faɗuwa ƙasa da sha biyu. Damina ce, sola ba ta samun rana. Sannan ki jona madannin ƙarfe na buga saƙon ƙwas-ƙwas, ki danne shi. Shi ba ruwansa da murya. In allura ta kai ɗari, cikin akwatin lafiya yake. Ki mai da eriya ki sake, ki dubi allura ta biyu mai nuna wutar da ke dawowa. In tana tashi, ruwa ya shiga mahaɗar waya ko reshe ya taɓa eriya. Ki duba abin murɗa ƙarfin makirfo, ya kasance a tsakiya. Na ƙarshe, ki yi fito mai tsawo a cikin makirfon ki ga inda allura za ta tsaya.

Na rubuta duk wannan ne don kada ki ce ban koya miki ba. Amma na san amsar tun kafin ki fara. Bara ina tsaye a kanki ina miki tsawa, shi ya sa kike buɗe baki. Yanzu ba na nan, kin koma halinki: kai a sunkuye, hijabi a baki, magana kamar mai neman gafara. Kunya ado ce a zaure, amma a iska ba ta kai mutum ko Tudun Wada.

Abokina Abdulmalik, malamin kimiyya a wata makaranta wajen Kiru, ya daɗe yana roƙona akwatin nan don ɗalibansa. Na ce masa yana da mai shi. Kada ki sa na zama maƙaryaci.

Baffanki,
Badruddeen

*

Rafin Ƙanya
Lahadi

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Malam da Gwaggo lafiyarsu ƙalau. Ni ma da sauƙi, in ban da maƙogwarona, kuma za ka ji dalili.

Na yi duk abin da ka ce, bi da bi. Batir bai faɗi ƙasa da sha biyu ba. Da na danne madannin ƙarfe, allura ta tafi ɗari ta tsaya cak, a gwangwani da a eriya duka. Allura ta biyu ko motsin kirki ba ta yi ba. Duk da haka na sa tsani na duba mahaɗar waya, a bushe take. Abin murɗa makirfo yana tsakiya. Na murɗa shi har ƙarshe, abin da ya ƙaru bai kai faɗin farce ba.

Saura fito. Baffa, a gidan Malam ka ce na yi fito? A gidan nan aka haife ka. Ko namiji ya yi fito a zauren nan sai ya sha carbi, balle ni. Duk da haka na shiga ɗaki na rufa da bargo na gwada, iska ce kawai ta fito. Sai na yi tunani, abin da kake so shi ne sauti ɗaya mai tsawo mai ƙarfi. Na roƙi Gwaggo Tani. Ka san ba a ɗaura aure daga nan har Burumburum ba a nemi guɗarta ba. Na ɗaura gwangwani, na kai mata makirfo daidai baki, na danna, ta kama hanci ta rangaɗa.

Kaji suka watse. Kafin ta sauke numfashi matan maƙwabta sun cika tsakar gida, kowace da mayafi a hannu, suna tambaya wa ya haihu. Malam ya ɗago murya daga zaure ya ce mini, "Amaryata, aure kika yi ba ki sallame ni ba?" Gwaggo ta yi ta rantsuwa cewa gwaji ne, wata ta ce, "Gwajin me, Tani, ko ke ce za ki koma?"

Allura kuwa ko kwata ba ta kai ba. Guɗar da ake ji daga ƙetaren rafi.

To yanzu Gwaggo Tani ma kunya ce da ita?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na shekaranjiya Juma'a. Ka san ba mu biyu ba ne a kan layin nan. Ka ce, "Muhsina, ki cire hijabin daga bakinki, ni ba surukinki ba ne." Wani mutum daga Jos ya shigo yana dariya yana ba ka haƙuri, wai yarinya ce. Wani kuma ya ce ko a ba ta ruwa ta sha. Duk mun ji, da ni da Gwaggo da Malam. A lokacin kuwa ihu nake yi. Ban taɓa ɗaga murya haka ba tun da aka haife ni, a gaban kakana, har jijiyar wuyana ta tashi. Kai kuma kana cewa sauro. Malam ya miƙe da ƙyar ya naɗe buzunsa da kansa ya shiga ciki.

Gaskiya ne ba na son magana cikin mutane. A aji ma sai malami ya kira sunana. Amma mai kunya ba maƙaryaciya ba ce. In na ce na ɗaga murya, na ɗaga. Ranar jarrabawar izini ni kaɗai ce mace a ɗakin, kuma na amsa duk abin da aka tambaye ni da bakin nan. Kai ka raka ni. Ban san lokacin da ka manta ba.

Kai ka koya mini cewa ba a yanke wa na'ura hukunci sai an auna. Ni me ya sa ba a auna ni ba?

Ban san inda ciwon yake ba tukuna. Na san dai ba batir ba ne, ba eriya ba ne, ba cikin akwati ba ne, kuma ba bakina ba ne. Ka bar maganar Malam Abdulmalik, don Allah.

Ruwa ya karya kwalbatin hanyarmu, mota ba ta shigowa. Zan ba mai babur takardar nan ya ajiye wa Surajo a tashar Tudun Wada.

'Yarka,
Muhsina

*

Fatakwal

Muhsina,

Sallama. Ki gai da mutanen gida.

Surajo ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Ba takarda, ba saƙon baki. Wancan makon na ji sauro, Juma'ar da ta wuce ko sauron babu. Na zauna a ɗakin inji ina kira har aka fara kallona. Na gane. An yi wa yarinya gyara a gaban mutane, ta yi fushi, ta juya baya.

To ba komai. Na'ura ba ta son zama, in ba a aiki da ita laima ce za ta cinye ta. Na gaya wa Surajo ya shigo gida a wannan zuwan, ko da babur ne, ya ɗauki akwatin da makirfo da madanni ya sauke wa Abdulmalik a Kafin Maiyaki. Batir da sola ku riƙe, kwa sa fitila. Ki naɗe wayoyin kamar yadda na nuna miki, kada ki lanƙwasa su.

Kada ki kawo mini maganar Malam. Ko da ana jin ku tas, me zai ce? Na haura arba'in ban taɓa jin ya tambaye ni ina kwana ba sai na fara, ya amsa yana kallon wani wuri. Bara da muka yi ta magana ni da ke, ko tari bai yi mini ba. Ni ne na yi wautar ɗauko kaya tun daga nan, ina zaton in ba ya ganin fuskata bakinsa zai buɗe. Zan saya masa ƙaramar rediyo ya riƙa jin labarai.

Ki mai da hankali ga karatunki.

Badruddeen

*

Rafin Ƙanya
Alhamis

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Surajo yana zaure yana cin dafaffiyar masara yana jirana, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Zai kawo maka takardu biyu. Ta farko tun ranar da na rubuta ta tana kwance a tashar Tudun Wada, mai shayin da aka ba wa ajiya ya sa ta ƙarƙashin gwangwanin madara ya manta. Ka fara karanta ta. Ban yi fushi na juya baya ba. Juma'ar da ba ka ji ni ba, muryata ce ta dishe saboda ihun da ka sa ni. Ina zaune a gaban akwatin ina jin ka, Malam yana kan buzunsa. Fushi kuwa na yi, kuma da na karanta takardarka yau na ƙara.

Oba-oba ba za ta zo ba. Ga dalili.

Ranar Talata ina zaune da makirfo a hannu, gwangwani a ɗaure, na danna ina tunani. Farcena ya karci fatar nan wajen layar, sai na ga allura ta yi tsalle. Na sake karta, ta sake tsalle. Na ƙwanƙwasa ragar sama, inda kowa ke magana, ko gezau. Na samo karan alkama na hura iska a kowane layi na ragar. Shiru. Baffa, ragar nan ado ce. Ba a nan kunnen makirfon yake ba.

Na sa hijabi na tafi wurin Jibrin baduku, abin da ban taɓa yi ba, don rumfarsa cike take da maza. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Jibrin, lokacin da ka ɗinka wannan, ka ga wani ɗan rami a ƙasan raga?"

Ya ce, "Kamar na ƙwaron wake? Akwai shi. Faɗuwar ce ta huda shi. Na cike shi da kakin zuma, na ɗora layar a kai. Aikina ba ya yoyo, jikar Malam."

Na yi godiya na taso. Kaki, da takarda mai ninki, da fata biyu. Ta cikinsu Gwaggo Tani ta yi guɗa.

Da na dawo gida sai na rasa yadda zan yi. Ba a farke laya. Kuma wa zai je ya ce wa Malam addu'arsa ce ta tare hanya? Gwaggo ta ce ita ba da bakinta ba. Na kwana biyu da abin a cikina, ina shirin rubuto maka ka ba ni shawara. Sai ga Surajo yau da hantsi a kan babur, da kwali da igiya da takardarka.

Na karanta a tsaye. Ya ce, "To Hajiya ƙarama, nuna mini kayan, rana tana yi."

Na je na tsaya a ƙofar ɗakin. Na ce oba-oba ba za ta fita ba.

Ya yi dariya ya ce, "Ni ɗan aike ne. In da magana, tsakaninki da Oga ne."

Na ce, "To ka koma ka ce masa na hana." Na riƙe ƙyauren da hannu biyu. Na sake faɗa, da ƙarfi wannan karon.

Malam ya ce daga zaure, "Muryar wa nake ji haka? Amaryata ce, ko an yi mana baƙuwa?"

Ba yadda zan yi. Na ɗauki makirfon na je na durƙusa a gabansa. Na fara da akuya. Na koma kan Jibrin da kakinsa. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ya miƙo hannu ya karɓa, ya shafa layar da babban yatsa.

Ya ce, "Jibrin a baya ya so ya sa ta. Ni na ce ya kawo ta gaba, kusa da inda magana ke fita."

Ya sake shafa layar.

Ya ce, "Wato duk kiran nan da mutumin yake yi, ni na toshe."

Na ce, "A'a, Malam, kakin ne."

Ya ce, "Ke da ba ki iya ƙarya ba, kada ki fara da ni." Ya daɗe yana kallon abin a hannunsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma na so a ce ka gani kafin ka rubuta abin da ka rubuta. Ka san me ke cikin layar? Gwaggo ta gaya mini daga baya. Ayoyin tsari daga ruwa ne. Ba don makirfon ya rubuta ba, makirfo ba ya shiga jirgi.

Sannan ya ce wa Surajo, "Hau babur ɗinka ka ɗauko mini Jibrin."

Jibrin ya zo yana ta bayani. Malam ya ce, "Ba laifinka ba ne, ba kuma na layar ba ne. Wurin zama ne ba ta samu ba. Ka mai da ita baya, inda tafin hannu yake riƙewa, kada ka buɗe ta." Jibrin ya warware zaren da basilla, ya ɗinke ta a baya, ya huda fatar daidai ramin. Kakin ni na cire da tsinken tsintsiya, a karkace, kaɗan-kaɗan, don kada na soki abin da ke ciki. Ya ce na bari ya zura basilla sau ɗaya a gama. Na hana shi.

Na mai da abin murɗawa tsakiya, na ɗaura gwangwani, na danna na ce bismillah. A hankali na faɗa. Allura ta wuce rabi ta dawo.

Surajo ya ce, "To ni me zan ce wa Oga?"

Malam ya ce, "Ka ce masa kayan sun yi wa babur nauyi."

Na rubuta maka maganar fatar nan tun a takardar da na fara aiko maka, ka ce ba ita ka tambaya ba. Ni ban san da ramin ba, bara ba wanda ya nuna mini. Kai da ka san shi, da ka tsaya a kan layin nan ka yi tambaya ɗaya, da ban yi ihu a gaban kakana ba, da mutumin Jos bai yi mini dariya ba. Amma ka riga ka san amsar tun kafin na fara.

Gobe Juma'a. Kafin Surajo ya iso gare ka, ko dai ka ji ni ko ba ka ji ba. Zan yi magana da muryar da Allah ya ba ni, hijabina a jikina, ba zan ɗaga ta ko kaɗan ba. In sauro ka ji, ka aiko a ɗauka, ni zan naɗe wayoyin.

Ban huce ba, Baffa. Ina dai gaishe ka.

'Yarka,
Muhsina

*

Fatakwal

'Yata Muhsina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardunki biyu sun zo jiya, na karanta su yadda kika ce, ta farko kafin ta biyu. Na sake komawa kan wadda kika fara aiko mini, na nemo layin akuya.

Na san ramin nan. Na buɗe irin makirfon nan ya fi a ƙirga. Ido na sa na tsallake layin, don na riga na kama mai laifi. Ki yi haƙuri. Ban saba faɗa wa yaro haka ba, ki adana takardar. Kuma tunda a iska na yi miki, a iska zan janye. Juma'a mai zuwa ki kunna da wuri, ina so mutumin Jos ya kasance yana nan. Abdulmalik na gaya masa ya nemi wata. Ki ce wa Tani Surajo ya ba mutanen jirgi labarin guɗarta, suna tambaya ko tana zuwa biki nesa.

Ranar Juma'a ban san komai ba tukuna. Na kunna ne kawai don hannuna ya saba, a zatona akwatin yana Kafin Maiyaki. Sai na ji an kira lambata. A hankali, ba gaggawa, kamar kina zaune a kujerar da ke gefena. Na duba mita sau biyu. Kin ce, "Baffa, ina wuni," kika saki. Kin ji na yi shiru. Ba na'ura ba ce.

Da kika sake dannawa kina ba ni labarin kwalbati, na ji an yi gyaran murya. Sannan na ji an ce, "Amaryata, ki ce wa mutumin ya rage faɗa. Kuma tarin nan da nake ji a muryarsa tun kafin azumi, ki tambaye shi ko ya nemi magani."

Kin buɗe baki za ki maimaita, kika fasa. Kin kyauta.

Na yi shekara ashirin ina sauraron muryoyi a na'ura, na san tazarar baki da makirfo. Wanda yake magana da jikarsa daga kan buzu ba haka yake fitowa ba. Ya matso. Shi ne ya sa aka buɗe ramin, ya san inda yake.

Tarin nan ko abokan ɗakina ba su lura da shi ba.

Kada a cire jar rigar. In zaren ya saki, a kai wa Jibrin, amma ki tsaya a kansa.

Ki gai da Tani. Shi kuma, in kin kai masa ruwan alwala, ki ce masa mutumin bakin ruwa ya ji. Ya je asibitin kamfani, an ba shi magani, tarin da sauƙi.

Baffanki,
Badruddeen